Tukunyar Takiyya: Yadda Za Ka Taimaki Masu Ciyar da Jama'a a Sudan Daga Nan Kano

Ranar da aka fara maganar yunwar da yaƙi ya jawo a Sudan a majalisarmu ta bayan Isha'i, shawarar da ta fara fitowa ita ce a yi karo-karo, a je Dawanau a loda tirela guda ta dawa da gero a tura Darfur. Wani dattijo ɗan kasuwa ne ya kawo ta, har ya ce buhu goma na farko a wuyansa. Aka yi kabbara. Sai wani ƙaninmu da ya yi karatu a Khartum, cikin ɗaliban da aka kwaso ta iyakar Masar a 2023, ya gyara zama ya ce, "Baba Alhaji, Allah ya saka da alheri. Amma wa zai karɓi motar? Kuma shinge nawa za ta wuce kafin ta isa?" Wuri ya yi tsit.

Ya ciro waya ya kunna mana saƙon murya na wata mata mai dafa wa jama'a abinci a Umdurman, maƙwabciyar gidan da ya taɓa haya. Larabcin Sudan take yi yana fassarawa, a bayanta kana jin ludayi na bugun tukunya da hayaniyar yara. Ba ta roƙi buhu ba. Cewa ta yi adas ɗin da ya rage musu, wato wani irin ƙananan wake, na kwana uku ne, gawayi ya ƙare tun jiya, ɗan kasuwar da ke ba su bashi kuma ya ce a rage masa tukuna. Abinci yana nan a kasuwa, in ji ta, kuɗin saye ne babu.

Tirelar ba ta tafi ba. Abin da muka koma yi ya fi ta ƙanƙanta a ido, ya kuma fi ta wuya: kuɗi kaɗan, kowane wata, ta hanyar da aka tantance, zuwa hannun mutanen da tukunyarsu ke kan wuta tun kafin mu ji labari. Ga yadda ake yi, har da inda muka yi tuntuɓe.

Mataki na farko: san wanda ke riƙe da ludayin

Yaƙin ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, a goman ƙarshe na azumi, tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdul Fattah al-Burhan da dakarun rundunar ɗaukin gaggawa ta RSF na Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemeti. Sama da mutum miliyan 12 sun bar gidajensu, kusan miliyan 25 kuma, wajen rabin ƙasar ke nan, sun shiga matsananciyar yunwa. A Agustan 2024 aka tabbatar da bala'in yunwa a sansanin Zamzam kusa da Al-Fashir, a Disamba aka ƙara da wasu sansanonin da yammacin duwatsun Nuba, a Nuwamban 2025 kuma garuruwan Al-Fashir da Kadugli suka shiga jerin. Masana ba sa furta wannan kalma da wasa. Sai gida ɗaya cikin biyar ya rasa abinci ƙarƙaf, yara 30 cikin 100 sun kamu da tamowa mai tsanani, sannan cikin kowane mutum 10,000 biyu suna mutuwa kullum. Wato kafin ka ji sanarwa a rediyo, an daɗe ana haƙa kabari.

Wannan ba yunwar fari ba ce, kuma sanin hakan shi zai gyara maka lissafi. Sudan ƙasar dawa ce da riɗi da gyaɗa, tana da gonakin Jazira da na Gadarif. Bindiga ce ta kawo yunwar: manomi ya gudu, an wawashe rumbu, an tare hanya, banki ya rufe, albashi ya tsaya. A Al-Fashir, da aka yi wa ƙawanya wajen wata 18 kafin ta faɗa hannun RSF a Oktoban 2025, mutane sun koma cin ambaz. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan masu ƙuli suna matse tunkuza ya san abin, sai dai wannan ta inji ce, busasshiya, wadda ake zuba wa dabbobi. Ita ake jiƙawa a dama wa yara.

A makonnin farko, da manyan ƙungiyoyin agaji suka kwashe ma'aikatansu daga Khartum, samari da 'yan matan unguwanni ne suka tsaya. Da yawansu 'yan kwamitocin unguwa ne da suka ja zanga-zangar da ta kawar da Umar al-Bashir a Afrilun 2019, saboda haka sun san kowane lungu da kowane gida. Suka kira kansu ɗakunan agajin gaggawa. Wani ya nemo mota a kai mai naƙuda asibiti, wani ya gyara famfo, wasu suka aza murhu a harabar makaranta ko masallaci. Wannan murhun shi ne takiyya, jam'inta takaya, sunan da aka aro daga zawiyoyin sufaye inda baƙo ba ya kwana da yunwa. Ruhin aikin kuwa suna ce masa nafir, wanda a wurinmu gayya ce ba wani abu ba: a kira jama'a a yi wa wani aikin da ba zai iya shi kaɗai ba. A 2025 an ba su lambar yabo ta Rafto a Norway da ta Right Livelihood a Suwidin.

Wata 'yar fadakarwa a kan suna. A nan Arewa da ka ce 'yan sa-kai, abin da ke zuwa ran mutane shi ne masu bindigar toka a Zamfara da Katsina. Idan za ka yi sanarwa a masallaci, ka ce masu aikin agaji na unguwa, ko masu dafa abincin sadaka. Mun taɓa ɓata rabin zama muna warware wannan.

Mataki na biyu: kuɗi za ka tura, ba kaya ba

Ɗauki taswira ka bi motar Baba Alhaji. Kano, Maiduguri, Gamboru, ta ratsa Kamaru zuwa Kusuri, ta haye Njamena, ta miƙe Abeshe, ta isa Adre a bakin iyakar Chadi da Sudan. Kusan kilomita 2,000, ƙasashe uku, kowace da kwastan ɗinta da takardunta. Bayan Adre kuma ƙasar masu bindiga ce, inda ayarin Majalisar Ɗinkin Duniya ma, da tutarsa da izininsa, yakan maƙale ko a kai masa hari. Kuɗin mota da na hanya kaɗai zai iya ciyar da unguwa guda na watanni. Gwanjon kaya da ragowar magunguna kuwa kar ma a fara. Ba wanda ya nema, kuma wanda aka kai wa sai ya nemi wurin ajiya.

Kuɗi yana isa a yini guda. Mai takiyya ta san ɗan kasuwar da ke da adas yau, ta san wanda ke da garin dawa mai araha, ta san ranar da ruwa ya fi abinci tsada. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sannan kuɗin da aka kashe a kasuwar unguwa yana riƙe ɗan kasuwar kada ya rufe shago, ya sa mai amalanken jaki ya ci gaba da kawo kaya. Inda aka yi wa gari ƙawanya har kasuwa ta mutu, nan kam kuɗi kaɗai ba ya isa, amma tirelarka ma ba za ta shiga ba.

Mataki na uku: zaɓi hanyar da kuɗin zai bi

Nan ne aikin yake, saboda haka zan daɗe a kai.

Akasarin takaya suna karɓar kuɗi ne ta Bankak, manhajar Bankin Khartum da ke kan waya. Kuɗi ya shiga asusun ma'ajin ɗakin, shi kuma ya tura wa ɗan kasuwa kai tsaye, a ɗauko buhu. Idan tsabar kuɗi ake buƙata, misali a biya mai itace, sai an je wurin dillali ya cire la'adarsa, wadda kan yi yawa a wuraren da aka fi shan wuya. A Disamban 2024 gwamnati ta canza manyan takardun kuɗi a yankunan da sojoji ke riƙe da su, abin da ya ƙara raba ƙasar gida biyu ta fuskar tsabar kuɗi. Mu da muka ga canjin naira a farkon 2023 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kuma duk wannan yana rataye ne a kan sabis. A Fabrairun 2024 da aka katse layukan waya a faɗin ƙasar, takaya da yawa sun sauke tukunya, ba don kuɗi ya ƙare a asusu ba, sai don ba a iya taɓa shi. Tun daga nan mutane suka koma biyan kuɗin awa a wurin masu faifan Starlink, mai kamo intanet daga tauraron ɗan adam.

Kai da ke Kano ba za ka iya tura naira cikin Bankak kai tsaye ba. Hanyoyi uku ne a gabanka.

Ta farko ita ce ƙungiyoyin da suka riga suka gina gada zuwa ɗakunan. Akwai gamayyar Mutual Aid Sudan da aka kafa don kai kuɗi ga masu aikin unguwanni, akwai Khartoum Aid Kitchen mai ciyar da takaya, akwai SAPA ta likitocin Sudan mazauna Amurka. Akwai kuma manya irin su Islamic Relief da Red Crescent ta Sudan. Waɗannan da katin banki ake biya, da dala ko fam na Ingila. Katin naira wani lokaci ya yi aiki a waje, wani lokaci banki ya toshe ko ya sa iyaka, don haka ka tambayi bankinka, ko ku yi amfani da asusun dala na ɗaya daga cikinku. Ka rubuta adireshin shafin da hannunka, kar ka latsa wanda aka turo a WhatsApp. Ga wanda bai san kowa a Sudan ba, wannan ita ce hanyar da nake ba da shawara, ko da za a cire wani abu na gudanarwa.

Ta biyu ita ce ta mutum sananne: ɗan Sudan mazaunin Saudiyya ko Masar ko nan Najeriya, mai asusun Bankak, wanda za ku ba shi kuɗi shi kuma ya tura daidai da shi zuwa takiyyar. A nan Kano tana da abin da Landan ba ta da shi. Kakanninmu da ƙafa suka bi ta Al-Junaina da Al-Fashir da Al-Ubayyid zuwa hajji, da yawa suka yada zango ba su dawo ba. Garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu mutanen Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Akwai Hausawa a Gadarif da Kasala da Damazin da Sinnar. Makarantar da ta zama SAS, wato makarantar koyon Larabci ta Kano, da malaman Sudan aka buɗe ta a 1934, kuma ɗaliban Kano da suka yi karatu a Khartum ba sa ƙirguwa. Da wuya ka tambayi masallatai uku ba ka samu mai ɗan uwa ko tsohon malami a can ba. Zumuncin yana buɗe ƙofa, amma ba ya maye gurbin bincike, kamar yadda za mu gani.

Ta uku ita ce hawala ta hannun 'yan canji. Tana da sauri, kuma 'yan kasuwa sun daɗe suna amfani da ita. Matsalarta, ba ka san hannu nawa kuɗin ya bi ba, ba ka kuma da takardar da za ka nuna in an tambaye ka. Sayen dala a Wapa wurin mai lasisi, da rasit, abu ne daban. Miƙa wa wani jaka ya ce "an gama" shi ne abin da nake cewa a guje masa. A 2022 Najeriya ta sabunta dokar hana halasta kuɗin haram da ta hana ɗaukar nauyin ta'addanci, kuma a ƙarƙashin ta farkon mutum ɗaya ba ya biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 sai ta banki, kamfani kuwa miliyan 10. A Janairun 2025 Amurka ta sa wa Hemeti da Burhan takunkumi, kowannensu. Kuɗin da ya ratsa ta kamfanin da ke da alaƙa da ɗayan ɓangarorin zai iya jawo maka abin da ba ka zata ba, ko da niyyarka tuwo ce.

A kan wannan akwai wata kalma da za ka saurara da kyau. Nafir gayya ce, amma daga tushenta ake samun istinfar, wato kiran farar hula su ɗauki makami. Haka ma muƙawama, wato turjiya: akwai kwamitocin unguwa na farar hula, akwai kuma masu bindiga da ke amfani da sunan. Duk wanda ya haɗa maka ciyar da marayu da "tallafa wa masu kare gari" a roƙo ɗaya, ka ce masa Allah ya ba da sa'a, ka wuce.

Mataki na huɗu: tantance kafin ka saki kuɗi

Mu ma an taɓa mu. Wani ya shigo zaurenmu na WhatsApp ta hannun abokin aboki, Larabcinsa tas, hotunansa masu sa kuka. Muka tura ɗan abin gwaji. Da aka nemi rasit sai ya turo ƙarin hotuna. Wani yaro a cikinmu ya saka ɗaya a Google Lens, sai ga hoton ya fito a wani tsohon labari na wata ƙasa daban, shekaru kafin yaƙin. Daga ranar lambar ta daina shiga. Abin da ya cece mu shi ne kuɗin kaɗan ne.

Mai dafa abinci na gaske ba hawaye yake kawowa ba, lissafi yake kawowa. Tambaye shi: wace unguwa, a wane gini? Tukunya nawa ake azawa? Gida nawa ke kawo kwano? Sau ɗaya ake ci ko sau biyu? Me aka dafa jiya, adas ko ful ko balila? Nawa buhu yake wannan makon, nawa yake makon jiya? Wa ke riƙe kuɗi, wa ke sayayya? Wanda yake tsaye a bakin murhu zai amsa maka kafin ka rufe baki, har da ƙorafin tsadar mai da albasa. Maƙaryaci kuwa zai ce "dubban mutane", ya koma kan hotuna.

Sannan ka nemi shaida biyu da ba su san juna ta hanyarka ba. Misali tsohon ɗalibi a nan Kano da ya san unguwar, da wani ɗan unguwar da ke gudun hijira a Alƙahira. Ɗakunan agaji na gaske suna da tsari: kowane ɗaki yana ƙarƙashin na ƙaramar hukuma da na jiha, suna da ma'aji, suna rubuta rahoton kashe kuɗi. Ka tambayi ɗakin da takiyyar take ƙarƙashinsa, ka tuntuɓe shi ta shafinsa da aka sani. Bayan haka ka tura kaɗan, ka jira hoton shigar kuɗi da rasit ɗin ɗan kasuwa, ko da a takardar littafin makaranta aka rubuta shi da biro. Asusun da aka ba ka yau shi ne na gobe. In aka ce an canza, a tsaya sai an ji daga bakin mutum na biyu.

Mataki na biyar: gyara naku gidan

Mutum uku sun isa: mai karɓa, mai rubutawa, mai dubawa. Kada ɗaya ya haɗa biyu, ko da limamin unguwa ne, kuma wannan kare mutuncinsa ne ba zargi ba. A buɗe asusu na musamman da ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu. Kuɗin sadaka da ya kwana a asusun da ake sayen katin waya da cefane ya riga ya gauraya. Idan abin ya wuce na majalisa ya zama kuna roƙon jama'a a rediyo da Facebook, ku yi rajista da CAC a matsayin amintattu, ku karɓi takardar SCUML da ke ƙarƙashin EFCC, ko ku shiga inuwar ƙungiyar da ta riga ta yi.

A littafi, kowane aike ya samu layi ɗaya mai ɗauke da kwanan wata, naira nawa aka tara, nawa aka sayi dala ranar, nawa aka cire na aikawa, da fam ɗin Sudan nawa ya sauka. A karanta wa jama'a duk ƙarshen wata, har da asara in an yi. Mu mun faɗi tamu a fili, kuma abin mamaki ba wanda ya janye.

Mataki na shida: maganar zakka

Za a tambaye ku, gara ku shirya. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta jera mutum takwas, kuma fakiri da miskini da ɗan hanya duk suna cikin waɗanda yaƙi ya kora. A mazhabar Malikiyya asali shi ne a raba zakka inda ta wajaba ko kusa da nan, sai dai in akwai waɗanda suka fi tsananin buƙata a nesa, to a nan ana kai musu mafi yawanta. Haka yake a Mukhtasar. Inda ake buƙatar malami shi ne batun mallakawa: malamai da yawa suna sharɗanta a damƙa wa mabuƙaci zakka ta zama tasa, saboda haka sayen gawayi da ita ko dafa ta a tukunyar kowa da kowa yana da magana. Mafita mai sauƙi ita ce a raba asusu. Sadaka ta tafi tukunya, zakka ta tafi ga iyalai a hannu, kuma a gaya wa masu rabawa wacce ce wacce. Ku zauna da malaminku ko ku leƙa Hukumar Zakka da Hubusi kafin ku karɓi ko sisi da sunan zakka.

Mai wa'azin da ke neman abin da zai kafa hujja da shi, ga hadisin Ash'ariyyawa a Bukhari da Muslim: idan guzurinsu ya ƙare a wurin yaƙi ko abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina, sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai da mudu ɗaya, Annabi (SAW) ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Ban san siffar takiyya da ta fi wannan ba.

Mataki na bakwai: kaɗan, amma kowane wata

A Janairun 2025 Shugaba Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bayarwa a ƙasashen waje. Cikin makonni masu aikin suka ba da labarin cewa kusan kashi 80 cikin 100 na takaya sun rufe. Babban mai bayarwa guda ya ɗauke hannu, tukwane suka huce. Wannan shi ya sa nake fifita mutum 40 masu ba da naira 5,000 duk wata a kan attajiri ɗaya da zai ba da miliyan biyu a azumi ya manta. Naira 200,000 da aka san za ta zo ranar ɗaya ga wata tana ba mai takiyya bakin zuwa wurin ɗan kasuwa ta ce ya ba ta bashi, ranar kaza za ta biya. Ku yi shi kamar adashi, da rana tsayayya da mai bi gida-gida. Ku faɗa musu gaskiyar abin da za ku iya da tsawon watannin da za ku iya, in kuma za ku tsaya ku sanar da wata guda kafin nan.

Kada ku ɗaure musu hannu da "abinci kawai". Adas ba ya dahuwa ba wuta. Akwai itace, akwai ruwan da ake saye a jarka, akwai sabulu da sinadarin tsabtace ruwa, don kwalara ta yi ɓarna a ƙasar tun 2024. Akwai audugar mata, akwai kuɗin Starlink ɗin da za a turo muku rasit da shi. Matan da ke tsaye a bakin wuta tun asuba su ma suna da 'ya'ya, kuma ɗan abin da aka ba su ba cin amana ba ne.

Ku kuma san iyakar tukunya. Yaron da tamowa ta kama sosai, wanda aka auna damtsensa da ɗan tef ɗin nan ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, faten adas ba zai tashe shi ba. Yana buƙatar abincin tamowa na leda, mai gyaɗa da madara, irin wanda ake bayarwa a asibitocinmu, in ya galabaita kuma sai an kwantar da shi an bi shi da madara ta musamman a hankali, don cika wa mai doguwar yunwa ciki lokaci guda yana iya kashe shi. Wannan aikin likitoci ne irin na MSF da ke aiki a Tawila, inda dubban ɗaruruwan mutanen Zamzam da Al-Fashir suka gudu. In kuna da hali, ku ware wani kaso ga masu asibiti.

Wani zai ce a tura wa Hausawan can kaɗai. Na fahimci zuciyar, musamman ga wanda ya tuna rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022 da aka kashe Hausawa da yawa. Taimakon danginka kai tsaye hakkinka ne. Amma kada ka sa wa takiyya sharaɗin ƙabila. A ƙasar da ake kashe mutum saboda sunan kakansa, tukunyar da aka sani ta ƙabila ɗaya ce ta zama abin hari. Wani kuma zai ce namu na gida fa, ga 'yan gudun hijirar Zamfara da Borno a kan titunanmu? Gaskiyarsa. Mu rabawa muka yi, kuma duk matakan nan haka suke aiki a kan mai dafa abincin sadaka a bayan layinku, har ma ya fi sauƙi tunda za ka iya zuwa da ƙafarka ka buɗe tukunyar.

Mataki na takwas: kada ka jefa su a haɗari

Ɓangarorin biyu duk sun kama masu aikin ɗakunan, an kuma kashe da dama. A yankin RSF a ce ɗan leƙen asirin soja ne, in soja ya karɓe unguwar a ce ya yi aiki da RSF tunda ya zauna yana dafa abinci a ƙarƙashinsu. A shinge waya ake fara karɓa a bincika. Alat na kuɗin waje ko saƙon da ke zagin wani janar ya isa a tafi da mutum.

Saboda haka hoton da za ku nema na tukunya ne da buhu da layin kwanuka, ba na fuska ba. Kada ku ce a rubuta sunan ƙungiyarku a kwali a ba yara su riƙe. Kada ku sa sunan unguwa da na ma'aji da lambar asusu a Facebook. Hoton shigar kuɗi ya tsaya wurin mutum ukun nan, a rufe suna kafin a nuna wa sauran. A hira da su ba siyasa, ba tambayar wa ke riƙe da gari, ba turo bidiyon yaƙi. Mutum ɗaya ne zai riƙa magana da su, a lokacin da suka zaɓa, kuma in sun goge hira bayan an gama kada ku ɗauka rashin gaskiya ne.

Wata rana layin zai yi shiru. Namu ya taɓa yin kwana 19. Kada ku bi lambobin mutane kuna tambaya da suna, kada kuma ku tura wa sabuwar lambar da ta ɓullo tana cewa ita ce magajiya. Ku riƙe kuɗin watan a asusu, ku rubuta a littafi cewa an riƙe, ku tambayi shaidun nan biyu a hankali. Ku sa wa'adi tun yanzu, misali wata guda, wanda in ya cika ba labari kuɗin zai koma ga ƙungiyar da kuka riga kuka tantance, kuma masu bayarwa su san da haka tun ranar da suka shiga. Namu da ya dawo, saƙon murya ne na daƙiƙa 40. Sun tashi daga makarantar da suke girki sun koma wani gida, tukunya ɗaya ta ɓata a hanya, kuma buhun adas ya ƙara kuɗi.